Harshena Na Min Raɗaɗi Amma Ba a Ganin Komai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah ina neman shawara. Shekarata 52, watanni kenan harshena na min raɗaɗi kamar na kurɓi shayi mai zafi, da safe da sauƙi amma kafin yamma wlh sai ya addabe ni, ga bakina na bushewa ga ɗaci-ɗaci, in na duba madubi kuma lafiya lau harshen yake. Na sayi ruwan kurkure baki kala-kala ba sauƙi. Meye wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki. Wannan raɗaɗin harshe da ba a ganin komai a kai ciwo ne na gaske, kar wani yace miki tunani ne kawai, kuma ya fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, daidai shekarunki kenan.

Amma fa kafin likita yace jijiyoyin harshen ne da kansu ke aika saƙon zafi ba gaira ba dalili, sai an fara kawar da sauran abubuwa, kuma anan ne mutane ke sakaci. Ƙarancin ayon (sinadarin ƙarfe) a jini na kawo shi, haka ƙarancin bitamin B12 ko folik asid ko zinki, sai ciwon suga da ba a gano ba ko wanda ba a kula da shi yadda ya kamata, ga matsalar tayirod (wata halitta a gaban wuya da ke fitar da sinadaran jiki), ga ƙwannafi da ke tasowa har maƙogwaro da dare. Akwai kuma fangas na baki, wani lokacin ba ya yin farin nan da aka sani, ja kawai yake yi, musamman ga masu sa haƙoran roba.

Magungunan da kike sha ma abin dubawa ne. Wasu magungunan hawan jini irin su captopril da lisinopril suna iya kawo raɗaɗin, wasu kuma busar da yawu suke, maganin suga metformin in aka daɗe ana sha yana rage B12. Ki tattara su duka a leda ki kai wa likita ya gani, amma dan Allah kar ki daina ko ɗaya da kanki, hawan jini ba abin wasa bane.

Toh a asibiti za a duba bakin da kyau, a ɗibi jini a auna yawansa da ayon da B12 da suga da tayirod, in ana zargin fangas a shafo harshen da auduga a kai lab. Ruwan kurkurar nan ki ajiye shi tukunna, da yawansu akwai alkohol a ciki, ƙara busar da baki yake, ki canza makilin zuwa mara zafin minti, ki riƙa kurɓar ruwan sanyi akai-akai.

In kuma wani gyambo ya fito a harshe ko kumburi ko tabo fari ko ja da ya wuce sati 2 bai warke ba, wannan kam a ranar ki je likitan haƙori ya duba.