Amsa ga mai tambaya kan kyandir na waken suya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko za ki iya sayo waken suya a Dawanau ki fitar da kakin kyandir da kanki a gida. Gaskiya ba zai yiwu ba. A masana'anta ake tatsar man, a sa masa iskar haidirojin har ya daskare, shi ya sa ake sayar da shi ɓarɓashi farare a buhu. Wannan za ki nema.

Ki zuba shi a ƙaramar tukunya, ki ɗora cikin wata mai ruwan zafi, kar ya taɓa wuta kai tsaye. In ya kai wajen digiri 80 ki sauke, ki sa man turare, kamar giram 6 zuwa 10 a kowane giram 100. Turaren ruwa mai barasa ba ya haɗuwa da shi, kar ki yi asararsa. Ki manna lagwanin auduga a tsakiyar kofin, ki tokare shi da tsinke biyu kafin ki zuba, sannan ki bar shi mako ɗaya ko biyu ƙamshin ya kama.

Abin da na fi jiye miki shi ne zafin Kano. Kakin nan ya fi na farafin, wato na kyandir ɗin da aka saba gani a kasuwa, laushi, a watan Afrilu zai yi gumi ya lotsa, don haka a kofi ko gwangwani kawai za ki yi shi, ki kuma ajiye a inuwa.

Man waken ana yin sabulu da shi, da man dizal, da tawadar buga jarida, wadda jaridun Amurka suka daɗe suna amfani da ita. Sabulun ma kina iya gwadawa a gida. Allah ya sa albarka a sana'ar.