Tambaya da Amsa: Ta yaya ake bambance tasirin gadon uwa da na ɗanta?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a fannin kiwon lafiyar al'umma, ina shirin bincike kan jariran da ake haifa da tsagaggen leɓe. Malamina ya ce kwatanta masu lalurar da marasa ita ba zai nuna mini ko ƙwayoyin halittar uwa ne sanadi ko na jaririn ba. Wace manhaja ce ke raba wannan gardama? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malaminki ya yi gaskiya. Rabin ƙwayoyin halittar jariri daga uwarsa suke, saboda haka idan wata ƙwaya tana yin illa ta jikin uwa a lokacin goyon ciki, za a riƙa ganinta da yawa a jikin 'ya'yan ma, har a ɗora mata laifin da ba ta nan ya biyo ba. Maganin wannan ruɗani shi ne a ɗebi samfurin ƙwayoyin halittar mutum uku, wato uba da uwa da ɗan da ke da lalurar.

Lissafin ya dogara ne a kan dokar gado ta Mendel, masanin da ya gano yadda 'ya'ya ke gadon halittar iyayensu. Idan uba yana ɗauke da kwafi ɗaya na wata ƙwaya, ana sa ran rabin 'ya'yansa ne za su gaje ta, haka ma uwa. Idan aka tarar yaran da ke da lalurar sun gaje ta fiye da haka, alama ce cewa a jikin yaron take aiki. Idan kuwa rabon bai kauce wa dokar ba, amma ƙwayar ta fi yawa a wajen iyaye mata fiye da iyaye maza, to hankali sai ya koma kan uwa.

Manhajar da ta fi dacewa da aikinki ita ce EMIM tare da abokiyar aikinta PREMIM, waɗanda Richard Howey da Heather Cordell na Jami'ar Newcastle a Ingila suka gabatar a 2012, kuma kyauta ake samun su. PREMIM ce ke karanta bayanan iyalai a tsarin PLINK (wata manhajar nazarin ƙwayoyin halitta), ta ware su rukuni-rukuni ta ƙirga, sannan EMIM ta ƙiyasta tasirin ƙwayar ɗa, da ta uwa, da haɗuwar biyun, irin abin da ke faruwa idan rukunin jinin uwa Rh negetif ne na jaririn kuma fozitif. Tana kuma auna ko illar ƙwaya ta danganta da ɓangaren da aka gado ta, na uba ko na uwa. In kin saba da R, wato manhajar lissafin ƙididdiga, akwai Haplin ta Håkon Gjessing na ƙasar Norway, wadda aka yi amfani da ita a binciken tsagaggen leɓe.

Sai dai ki kula da zato biyu. Ɗaya daga cikin zaɓuɓɓukan EMIM yana ɗauka cewa ma'aurata ba su da alaƙar jini, alhali auren zumunci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, don haka ki tambayi kowane gida dangantakar miji da mata, kuma ki gwada zaɓin da bai jingina da wannan zato ba. Na biyu, kwatanta iyaye mata da maza yana iya yaudara idan mazan daga wata ƙabila suke, matan daga wata.

A asibiti galibi uwa ce ke kawo yaro, uba yana kasuwa ko gona. EMIM tana karɓar bayanan uwa da ɗa kaɗai, amma ƙarfin sakamakon yana raguwa, saboda haka ki sanya kuɗin bin iyaye maza har gida, da neman yardarsu, cikin kasafin bincikenki tun daga farko.