Tambayoyinku kan fasaha: Amfilifayar jita mai kwalabe, wacce ce ba ta ba da kunya?

Yawancin saƙonnin da ke shigowa wannan fili kan waya da kwamfuta ne, amma a makon nan makaɗan jita ne suka cika akwatin, kuma na ji daɗin hakan, domin da gyaran rediyo da amfilifaya na fara sana'a kafin in taɓa waya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kaɗa jita a wata ƙungiya a Jos. Na tara kuɗi ina son sayen amfilifaya mai kwalabe, irin mai gurnani da 'yan kiɗan rok ke amfani da ita. Wani ya ce mini kada in sayi wadda aka haɗa a kan fanel, wato allon da aka shimfiɗa hanyoyin wuta a jikinsa, sai wadda aka ɗinka wayoyinta da hannu, wai ita ce mai ƙarko. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka haka ya faɗi rabin gaskiya ne.

Bari mu fara da abin da ke cikin akwatin. Kwalaben nan na gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, waɗanda wasu ke kira bawul, galibi iri biyu ne. Akwai ƙanana a gaba, galibi 12AX7, su ne ke karɓar ɗan sautin da jita ke turowa su kumbura shi. Kowace ɗaya tana da ɓangare biyu a cikinta, kuma kowane ɓangare an ƙera shi da ikon ninka sauti har kusan sau 100. Amfilifaya mai gurnani tana bi da sautin ta ɓangarori huɗu ko fiye, ɗaya bayan ɗaya, har sai ya cika ya tumbatsa ya fara wannan ƙarar mai kama da kukan zaki. Sai kuma manyan kwalabe na baya, 6L6 ko EL34, su ne ke tura lasifika. Misali, amfilifayar Peavey 5150, wadda ta fito a 1992 da haɗin gwiwar shahararren makaɗin jita Eddie Van Halen, daga baya aka sake mata suna 6505, tana da ƙananan kwalabe 5 da manya 4, tana ba da wat 120. Wutar da ke kan manyan kwalaben nan takan kai bolt 450 zuwa 500.

To ga inda maganar abokinka ta karye. Manyan sunayen wannan fanni kusan duk a kan fanel aka haɗa su: ita 5150 ɗin, da Dual Rectifier ta kamfanin Mesa/Boogie da ke Kalifoniya, da JCM800 da Marshall ya fitar a Ingila a 1981, har da SLO-100 da Mike Soldano ya ƙera a 1987, wadda ake yi wa kallon uwa ga irin waɗannan amfilifayoyi. Dalilin kuwa, idan sauti ya ninku sau dubbai, waya ɗaya da ta ɗan karkata kusa da 'yar'uwarta tana iya jawo feɗuwa ko ƙugi. Fanel yana sa kowace waya ta zauna inda injiniya ya ajiye ta. Akwai 5150 da suka shekara 30 suna yawo a bayan mota daga gari zuwa gari, har yau suna aiki.

Abin dubawa shi ne yadda aka yi fanel ɗin. Kwanakin baya an kawo mini wata amfilifaya, ba zan faɗi sunan kamfanin ba, mai ita ya ce tana yin shiru idan ta yi minti ashirin a kunne. Da na zare ta daga akwati na juya, sai na ga an dasa mazaunin manyan kwalabe kai tsaye a kan wani fanel siriri kamar kwalin sabulu. Kewayen kowane mazauni ya ƙone ya yi launin ƙosai. Na sa gilashin ƙara girma, sai ga wani zobe siriri kamar gashi ya zagaye dalmar ƙafa biyu. Idan ta yi zafi dalmar ta buɗe, idan ta huce ta koma ta manne. Wannan shi ne ciwon da ya fi kama su. Kwalba tana yin zafin da ba ka iya riƙe ta, kullum a kunna a kashe, ƙarfe ya buɗe ya tsuke, ga jijjigar lasifika, har dalma ta gaji.

Saboda haka idan ka je saye, ka roƙi a buɗe maka. Ka fi son wadda aka ɗaure mazaunin manyan kwalabenta a jikin ƙarfen gangar, ko kuma fanel mai kauri da aka tallafe da sukurori kusa da kowace kwalba. Ka kama maɓallan murɗawa da ramin da ake soka wayar jita ka girgiza. Idan suna lilo, to fanel ne kaɗai ke riƙe da su, kuma ranar da wani ya taka waya zai tsage. Ka ɗaga ta ka ji nauyi. Mai wat 100 da aka sa wa taransifoma na kirki takan kai kilo 20 ko ta haura, kuma taransifomominta guda biyu, na wuta da na lasifika, su ne mafi tsada a cikinta.

Ni a ganina, a ƙasarmu tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: idan ta lalace wa zai gyara, kuma da me? A nan ne ɗinkin hannu ya yi fice, domin mai gyara yana ganin kowane rezisto ya cire ya sa wani. Mai tashoshi uku ko huɗu, wato launukan sauti daban-daban da ake sauyawa tsakaninsu, da fanel a kan fanel da wayoyi masu faɗi kamar na cikin kwamfuta, sai ka kwance rabin amfilifaya kafin ka kai ga abin naira kaɗan. Idan tasha biyu ta ishe ka, kada ka sayi mai huɗu.

Tambaya: Malam, yayana ya aiko mini da amfilifaya daga Amurka. A Agadas nake, kuma yawancin wasanmu a wurin biki ne da janareta. Me zan kiyaye?

Amsa: Kada ka soka ta a bango tukuna, don Allah. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Nijar da Najeriya 220 zuwa 230. Ka duba rubutun da ke bayanta. Idan 120 kaɗai aka rubuta, sai ka nemi taransifoma mai sauke wuta, kuma ka sayi wanda ya ninka abin da amfilifayar ke ci. Ga mai wat 100, wanda ya kai wat 1000 zai ba ka kwanciyar hankali. Akwai wani bambancin da ba a cika faɗa ba: wutarsu tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma taransifoman da aka naɗa don 60 yana ɗan fin zafi a kan 50. Ga zafin Agadas. Ƙaramar fanka a bayanta za ta ƙara mata shekaru, kuma kada ka jingina ta da bango ko ka bar ta a rana.

Janareta kuwa shi ne babban abin tsorona. Wayar da ke ɗumama kwalba bolt 6.3 take so, kuma duk abin da ya hau a waje yana hawa a ciki. Idan aka kashe wani babban kaya a layin, injin ya yi sama, wutar da ke kan kwalabe ta wuce iyaka. Ka sa sitabilaiza a tsakani, ka bari injin ya daidaita kafin ka kunna, ka kashe amfilifaya kafin mai ya ƙare injin ya fara tari. Ƙurar hunturu ma tana shiga ramukan waya da maɓallai ta sa su ƙarar ƙas-ƙas, don haka a rufe ta da zane idan ta huce.

Tambaya: Fiyus ɗin amfilifayata yana ta ƙonewa. Mai gyara ya naɗa masa waya, yanzu tana aiki, amma ɗaya daga cikin manyan kwalaben tana yin ja kamar garwashi.

Amsa: Kashe ta yanzu, kada ka sake kunnawa. Ɗan hasken lemo a tsakiyar kwalba daidai ne, amma idan farantin ƙarfen da ke ciki ya yi ja, kwalbar tana shan wutar da ta fi ƙarfinta. EL34 wat 25 take iya ɗauka a farantinta, 6L6GC wat 30. Ko dai kwalbar ta mutu, ko kuma wutar da ke yi mata linzami, wadda masu gyara ke kira bayas, ta ɓace. Fiyus ɗin yana ƙonewa ne don ya ceci taransifoma, wayar da aka naɗa kuma ta cire wannan kariyar. Na sha ganin takardar kwalin sigari a mazaunin fiyus, kuma kusan kullum abin da ke biyo baya shi ne warin ƙonannen taransifoma. A mayar da fiyus mai lambar da aka rubuta a jiki, a canza manyan kwalaben a matsayin saiti da aka gwada suka yi daidai da juna, a duba rezistocin da ke manne da mazauninsu, domin sukan ƙone tare da kwalbar, sannan a auna bayas. Wasu, kamar na Mesa/Boogie, ba su da wurin murɗa bayas, shi ya sa kamfanin ke sayar da kwalaben da ya tantance da kansa.

Kada kuma ka sa hannu a ciki da kanka. Manyan kafasitocin suna riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare waya daga bango, kuma suna iya kisa.

Tambaya: Ana samun kwalaben kuwa har yanzu?

Amsa: Ana samu, amma masana'antun da suka rage kaɗan ne. Akwai JJ a Sulobakiya, akwai ta garin Saratov a Rasha da ke yin Sovtek da Electro-Harmonix, sai wasu a Sin. A 2022, da yaƙin Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha, farashi ya tashi sosai. Shawarata, ranar da ka sayi amfilifaya ka sayi saitin manyan kwalabe ɗaya, da 12AX7 guda biyu, da fiyus na ajiya. Ƙananan sukan yi shekaru da yawa. Idan ka ji feɗuwa, ɗan ƙwanƙwasa su da fensir ɗaya bayan ɗaya, wadda ta amsa da ƙara a lasifika ita ce mai laifi.

Abu na ƙarshe ga ku duka huɗun: kada a taɓa kaɗa amfilifaya mai kwalabe ba tare da an haɗa lasifika ba, kuma lambar om (ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta) da ke bayanta, 4 ko 8 ko 16, ta dace da ta akwatin lasifikar. A yi amfani da wayar lasifika mai kauri, ba wayar jita ba, ko da kawunansu iri ɗaya ne. Kafin ka taɓa makunni, kai hannu baya ka tabbata wayar ta shiga har ƙarshe.