Tambayi Likita: Shin Ciki Yana Kwanciya?

Likita, cikina wata takwas, tun jiya ban ji motsi ba. An ce haka yake idan haihuwa ta matso.

'Yar'uwa, ba haka ba ne. Ɗa yana motsi har ranar naƙuda, barcinsa kuma da wuya ya wuce minti 90. Ki tafi asibiti yanzu, ko da dare ne, a saurari bugun zuciyarsa.

Cikin matata ya kai wata bakwai sai ya daina motsi, yau sati uku ke nan, har ya fara raguwa. An ce mana kwanciya ya yi, ana ba ta jiƙo don ya tashi. Mu ƙara jira?

Malam, kada ku ƙara ko kwana ɗaya. Wannan maganar ta kwanciyar ciki tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin tana jefa mata cikin haɗari. Ɗan tayi ba ya tsayar da girma ya huta sannan ya ci gaba. Idan motsi ya ɗauke na makonni, ciki kuma yana komawa, abin da muke tsoro shi ne ɗan ya rasu. Hoton ciki ne zai tabbatar, cikin 'yan mintuna.

Bayan rasuwar, ɗan da ya yi girma haka yakan jiƙe a cikin ruwan mahaifa, fatarsa ta fara saɓulewa, ƙasusuwan kansa su hau juna. Wani lokaci kuma jikin uwa yakan tsotse ruwan, gawar ta bushe ta ƙanƙance. Shi ya sa cikin yake raguwa, mutane su ce ya kwanta.

Yawancin mata naƙuda takan zo musu da kanta cikin sati uku. Amma idan abin ya kai sati huɗu zuwa sama, jinin uwa yana iya rasa ƙarfin daskarewa, ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Idan faya ta fashe kuma, ƙwayoyin cuta su shiga mahaifa su bi jini. Matarka tana gab da cika sati huɗun nan.

Jiƙon nan fa, wallahi ban san me ake so ya tayar ba. Wasu irinsa suna matse mahaifa ba ƙaƙƙautawa har ta yage, musamman ga wadda aka taɓa yi wa tiyata. Haka ma ƙwayoyin tayar da naƙuda da ake saya a sha a gida. A daina ba ta komai. A asibiti za a auna jininta, a tanadi wanda za a ƙara mata, a tayar da naƙudar ana lura da ita, kuma galibi ba a bukatar tiyata. Zazzaɓi, zubar jini ko ruwa mai wari, duk na gaggawa ne. Ka kai ta yau, don Allah. Kuma kada a ɗora mata laifi.

Na haifi ɗa lafiyayye, sai ungozoma ta nuna mini wani ɗan ƙarami busasshe, shafal kamar takarda, manne da mabiyiya.

Tagwaye ne, ɗayan ya rasu tun tsakiyar ciki, ɗan'uwansa yana girma ya danne shi. Ba aikin kowa ba ne. A dai duba jaririn da kyau.

Na haifi ɗa ba rai, ga nono ya cika yana ciwo.

Allah Ya ba ki haƙuri. Akwai maganin da ke tsayar da shi, amma likita ne zai rubuta bayan ya auna hawan jininki. Idan nonon ya yi ja da zazzaɓi, ki koma asibiti.

Sau biyu ɗa yana mutuwa a cikina a wata na takwas. Zai sake faruwa?

Ba lallai ba, Hajiya, amma sai an nemo dalili. A gwada ki hawan jini, ciwon suga, tunjere, ƙarancin jini da rukunin jininki tun kafin wani cikin. Ki fara awo da wuri, ki kare kanki daga zazzaɓin cizon sauro, daga sati 28 kuma ki riƙa kwanciya ta gefe. Ranar da motsi ya canja miki, ki je asibiti a ranar.