Tsiro Mai Cin Ƙwari: Zai Yi a Fadamar Argungu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin shinkafa ne a Argungu. Na ga bidiyon wani ɗan tsiro mai zagayayyen ganye da jan gashi yana kama ƙuda. Gaskiya ne? Idan na shuka shi a bakin gonata, zai rage mini ƙwari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, kuma bisa kwatancenka, wanda masana ke kira Drosera rotundifolia ne. Sunan Drosera ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin raɓa, saboda kowane gashi da ke kan ganyen yana ɗauke da ɗigon danƙo mai ƙyalli, wanda rana ba ta busar da shi. Gidansa dausayin ƙasashe masu sanyi ne, irin su arewacin Turai, Saibiriya da Kanada, inda yake fitowa a fili cikin gansakuka. Ganyensa bai wuce faɗin farce ba, furensa kuma fari ne ƙarami mai kunnuwa 5.

Idan ƙwaro ya sauka ya maƙale, gashin da ke kewaye yana lanƙwasowa a hankali har ya danne shi, sannan ganyen ya fitar da ruwan da ke narkar da naman ya tsotse. Masanin halittu ɗan Ingila, Charles Darwin, ya daɗe yana gwaji a kansa, ya wallafa sakamakon a 1875. Abin lura, ba yunwa ke sa shi farauta ba, domin da hasken rana yake haɗa abincinsa kamar kowane tsiro. Ƙasar da yake zaune ce mai tsami, wadda ba ta da isasshen sinadarin naitirojin, wato abin da kake nema idan ka watsa yuriya. Ƙwaro shi ne takinsa.

Wannan ne ya sa ba na ba ka shawarar shuka shi. Fadamar Gulbin Rima tana samun laka mai ƙarfi bayan kowace ambaliya, kuma a irin wannan ƙasa ciyawa za ta rufe shi cikin makonni, takin zamani kuwa yana ƙona saiwarsa. Yana kuma buƙatar sanyi mai tsanani wanda zai kwantar da shi na watanni, abin da hunturunmu bai kai ba, balle zafin bazarar Kebbi. Ko da ya rayu, ƙananan ƙudaje yake kamawa jefi-jefi; tsutsar da ke huda karan shinkafa tana can ciki, ba za ta taɓa ganyensa ba.

Yana da ɗan'uwa mai siririn dogon ganye, Drosera indica, wanda ke fitowa a jiƙaƙƙen rairayi a Afirka ta Yamma da damina. Idan sha'awar gani ce, shi za ka nema.