Mijina mawaƙi ne, ya faɗa shan tiramol da kodin, yaya zan taimake shi?

Baiwar Allah, kin ce ya fara ne don ya jure raba dare a situdiyo, yanzu kuma ba ya hawa dandamali sai ya sha. Fara gano ainihin abin da yake sha da yawansa, domin magani ya danganta da wannan.

Tiramol da kodin dangin juna ne. In ya daina farat ɗaya, cikin kwana guda zai fara gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, abin ya tsananta a kwana 2 zuwa 3. Wannan azabar ce ke mai da mutane ruwa, shi ya sa likitan ƙwaƙwalwa yake rage adadin sannu a hankali. In yana haɗawa da diazepam (ƙwayar sa barci da kwantar da hankali) ko giya, kada ki kuskura ki ɓoye masa ƙwayoyin, yankewar gaggawa tana iya jawo farfaɗiya. Shi kansa tiramol, in ya wuce miligiram 400 a rana, yana iya jawo ta.

Lokaci mafi hatsari shi ne bayan ya yi makonni bai sha ba. Jiki ya manta, in ya koma kan tsohon adadi numfashi na iya tsayawa. Kika ga numfashinsa ya ragu, ƙwayar ido ta tsuke, ya ƙi farkawa, sai asibiti nan take. Allurar naloxone ke warware wannan.

Yi masa maganar da safe, yana cikin hayyacinsa, ba a gaban yaran da ke masa aiki ba. Su ɗin ma a sa musu ido, wataƙila a cikinsu mai kawo kayan yake.