Amsa ga ƙanenmu ɗan SS1 mai son shiga NDA

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun da asuba na ga tambayarka, wai kana SS1 kuma burinka NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, shin ya yi wuri ka fara shiri ko ka bari sai ka gama WAEC. Na ga wasu sun ce ka dage da addu'a kawai, wasu kuma sun ce in ba ka da uwa a gindin murhu kar ma ka wahalar da kanka. Addu'a dai ba abin wasa ba ce, amma bari in ba ka nawa labarin, don ni sau biyu ina nema sau biyu ina dawowa gida da jakata, kuma duk abin da ya kayar da ni wlh da tun ina ajinka na san shi da ban sha wannan wahalar ba. Daga baya ni na zauna da ɗan yayata tun yana SS1 muka bi abin daki-daki, Allah ya yi masa ya samu, yanzu haka yana can Afaka, harabar NDA ɗin.

Bai yi wuri ba ko kaɗan. Yawancin abin da ake cire mutum a kansa ba a wata uku ake gyara shi ba.

Karon farko takardu ne suka ci ni. Na ci JAMB, na ci jarrabawar tantancewa ta NDA, sunana ya fito cikin waɗanda za su je gaban kwamitin zaɓe, wato AFSB, gidanmu har an fara kirana soja. Na je Kaduna da sabon kambas da farin gajeren wando, ko gudu ɗaya ban yi ba aka sallame ni a teburin duba takardu. Dalili? Shekarar haihuwar da ke takardar haihuwata daban, wadda ke kan sakamakon WAEC daban, saboda malamin da ya cika mana fom a makaranta ya rage mini shekara ɗaya wai taimakona yake yi, ni kuma lokacin har godiya na yi masa. Ga sunan mahaifina an rubuta shi iri biyu, a takardar ƙaramar hukuma kuma an maƙala mini sunan garinmu a ƙarshe kamar yadda muke yi a Arewa. Hafsan da ya duba bai ko ɗaga murya ba, tambayata kawai ya yi wanne ne ni a cikin mutum ukun nan. To kai yanzu ba ka yi rajistar WAEC ko NECO ba tukuna, ka ga kana da damar da ni ban samu ba. Ka ɗauko takardar haihuwarka, satifiket ɗin firamare, na JSS3, takardar shaidar ƙaramar hukuma da NIN ɗinka, ka baje su a tabarma kai da Baba, ku bi harafi-harafi. Suna ɗaya, jeri ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Musamman NIN, don tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da shi, kuma abin da ke kansa shi JAMB ke ɗauka, gyaransa kuma ba abin kwana biyu ba ne. Ranar da za a cika muku fom ɗin WAEC a SS3 ka tsaya a kai da kanka, kar ka bar wa kowa, ko da kuwa shugaban makaranta ne ka roƙe shi cikin ladabi ka ga abin da aka rubuta.

Kuma kar wani ya ruɗe ka da rage shekaru. Lokacin da muka nema 17 zuwa 21 ake ɗauka, sanarwar kowace shekara kuma tana faɗin iyakar ƙarara, sai ka lissafa naka tun yanzu ka san sau nawa kake da damar gwadawa. Mutane da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke samu, shi ya sa wanda ya gama sakandare da wuri yake da riba.

Karo na biyu ya fi mini ciwo. Na gyara takardu, na yi wata shida ina gudu, na wuce teburin farko ina murna. Da aka zo medikal sai aka buɗe mini wani ɗan littafi mai ɗigo-ɗigon launi aka ce in karanta lambar da ke ciki. Na gaba da ni yana ta faɗa da sauri, ni kuwa wasu shafukan ban ga komai ba sai ɗigo kamar an watsa gero. Ashe ba na bambance ja da kore yadda ya kamata, shekara ashirin ina yawo ban sani ba, ina karanta allo daga bayan aji lafiya lau. Gado ne, ta wajen uwa yake biyowa, ya fi kama maza, kuma tabarau ko magani ba sa warkar da shi. Gwajin da bai kai minti biyar ba a asibitin ido. Da na yi shi a SS1 da na san inda zan fuskanta, da shekara biyun nan ban zubar da su ba. Don haka hutun nan mai zuwa ka roƙi Baba ya kai ka babban asibiti a duba ka sosai: ido har da wannan na launi, kunne, hawan jini, rukunin jini da jinotayif, ciwon hanta. In ba ka da ciwon hanta nau'in B ka yi rigakafinsa, allura uku ce. A duba gwaiwa da basir, kar ka ji kunya, can ma tuɓe ka za a yi. Tafin ƙafa shimfiɗaɗɗe, gwame, ƙafa mai lanƙwasa kamar baka, duk ana kallo. Wasu abubuwan ana maganinsu in an gano da wuri, wasu kuma ba a yi, gara ka sani kana da sauran lokacin canza shawara. Tsayi kuma mita 1.68 ake nema ga namiji, amma kai kana kan girma, kar ka tada hankalinka yanzu, ka dai ci abinci ka yi barci, kuma don Allah kar ka sayi maganin ƙarin tsayi na masu talla a intanet.

Sai karatu. Mutane na mantawa NDA jami'a ce, tun 1985 take ba da digiri duk da an kafa ta ne a 1964. Ɗan sojan ƙasa shekara biyar yake yi, ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa. Kiredit biyar ake so har da Turanci da lissafi, a zama bai wuce biyu ba, amma kai ka sa a ranka zama ɗaya. Abin da ya sa nake cewa SS1 ne lokacin, a nan ake raba ku sayins da at, kuma zaɓin da ka yi shi zai bi ka har can. In injiniya kake so ko ranka na kan jirgin sama, to fiziks da kemistiri da lissafi ba gudu ba ja da baya. In kuma ka san kanka a tarihi ko gwamnati ko Larabci ka fi ƙarfi, akwai kwasa-kwasan nan a can, ba dole sai sayins ba, kar ka bi abokai ka shiga ajin da za ka riƙa jan ƙafa. A JAMB dole ka sa NDA zaɓi na farko, sannan ka cika nasu fom ɗin daban a shafinsu. Za ka ji ana cewa maki 180 a JAMB ya isa. Ko ya isa a kwas ɗin da ka zaɓa, iyakarsa a bar ka ka zauna jarrabawarsu, shi ke nan. Ita jarrabawar a kwamfuta ake yi kuma lokaci ne ke kashe mutane, in ba ka saba da linzami da allon rubutu ba ka fara zuwa kafe kana gwada tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka. Ɗan yayata kullum tambayar lissafi goma yake yi bayan magariba, ba yawa, amma shekara uku bai fasa ba sai in ba shi da lafiya.

Wani abu da ya kamata ka gane, jiha-jiha ake fitar da sunaye, kowace jiha da nata gurbin da kuma 'yan jiran ko-ta-kwana. Wato ba da ɗan Legas kake takara ba, da yaran jiharku kake yi, ciki har da waɗanda suka fito daga makarantar soja ta Zariya da makarantun Kwamand, waɗanda fareti da tashin asuba ya zame musu jiki. Kuma inda yaranmu suka fi faɗuwa a ganina shi ne baki. Yaro ga ƙwaƙwalwa ga ƙarfi, amma a tsayar da shi gaban manyan hafsoshi a ce ya gabatar da kansa da Turanci sai ya kama in-ina yana kallon ƙasa. Mu an koya mana sunkuyar da kai gaban manya ladabi ne, kuma ladabin ne a gida, amma a can so ake ka ɗago ka yi magana a ji ka. Ka shiga ƙungiyar muhawara ta makarantarku, in an ba ka firifet ka karɓa ko na shara ne, ka riƙa jin labarai da Turanci bayan ka ji na Hausa. Ka san sunayen hafsoshin tsaro na lokacin, ka san jiharka da ƙananan hukumominta, kar a tambaye ka sarkin garinku ka tsaya sosa ƙeya.

Motsa jiki ban damu in tsawaita ba don shi kowa ke tunawa. Gudu sau uku a mako bayan asuba, ka fara da kaɗan kana ƙarawa, da fushof da sitof. Ba ɗaga ƙarfe ake nema ba, numfashi ake nema. Ƙwallo ma tana taimakawa amma ka kiyayi karaya. Sigari, shisha, tiramol, kodin, ko da wasa kar ka kusance su, ana gwaji. Zanen tatu a jiki ma haka. Aure ko ɗa kuma babu, sai ka fito.

Maganar uwa a gindin murhu kuwa, ni ba zan rantse maka cewa duniya ta gyaru ba. Abin da na gani da idona dai, ɗan yayata ubansa tela ne, ba mu san kowa ba. Na kuma ga maƙwabcinmu ya sayar da shanu biyu ya ba wani da ya ce yana da hanya, har yau ba kuɗi ba gurbi, lambar ma ta daina shiga. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi a asusunsa don ya sa sunanka, ɓarawo ne.

Ka zauna da Umma tun yanzu, don akwai takardar amincewar iyaye da za su sa wa hannu, kuma ita ce za ta kwana ba barci ranar da aka tura ka Sambisa ko dazukan Zamfara. Kai ma ka tambayi kanka kakin kake so ko aikin. In kuma ba a dace ba hanya ba ta ƙare ba, akwai makarantar 'yan sanda ta Wudil, akwai gajeren kwas na hafsoshi bayan ka yi digiri. Defo na Zariya kuma na kurata ne, hanyarsa daban, kar ka haɗa su.

Yanzu dai ka fara da takardun nan a satin nan. In ka baje su ka ga wani bambanci ka dawo ka faɗi irinsa, ba sai ka ɗora hoton takardar ba, sai in gaya maka wanne ake fara gyarawa.